Faransanci a ajinmu na JSS 2: yadda aikin yake tafiya

Litinin, 23 ga Satumba 2024

To alhamdulillahi yau firinsifal ya amince, ya ba ni ajin da ke kusa da ofis in riƙa koya wa 'yan JSS 2 Faransanci duk Talata bayan an tashi, da kuma Asabar bayan azahar kafin a tafi islamiyya. Zan riƙa rubuta duk inda muka kwana saboda na san akwai malamai da yawa a ƙauyukan Jigawa da Kano da suke cikin irin halin da muke ciki, wato darasin yana nan a jadawali an rubuta shi ɓaro-ɓaro amma babu mai shiga aji. Mu tun da aka yi wa malamin Faransancinmu canjin wurin aiki ba a turo wani ba, in lokacin ya yi sai dai monita ya tsaya yana rubuta sunan masu surutu.

Ni ba shi aka ɗauke ni in koyar ba, amma a NCE na haɗa da Faransanci kuma an kai mu Badagry, ƙauyen koyon Faransancin nan na Ajara da gwamnatin tarayya ta kafa a 1991, can ne bakina ya buɗe. Abin da yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne tun 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci ya zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, aka zo aka saka shi a tsarin ilimi na ƙasa aka ce dole ne a ƙaramar sakandare, yau ana neman shekara talatin amma mu da muke nan gefen Maigatari, boda a bakin ƙofarmu, yaranmu ko gaisuwa ba su iya ba. Benin da Nijar da Chadi da Kamaru duk da shi ake aikin ofis, kuma su ne suka kewaye mu.

Shawarar da na yanke tun kafin in fara ita ce da Hausa zan riƙa yin bayani. Littattafan da na gani a kasuwa duk da Turanci suke bayanin Faransanci, yaron da har yanzu yake kokawa da Turancin sai ka ɗora masa wani yaren ta cikin wanda bai gama iyawa ba, kamar mutum ne zai je Damagaram daga nan a ce masa sai ya bi ta Legas. Abin da nake so zuwa ƙarshen shekara, kowane yaro ya iya gaisawa, ya faɗi ko shi wane ne, ya yi ciniki, ya karanta gajeriyar wasiƙa ya mayar da amsa. Kayan aikina allo da alli da wayata da wata 'yar sifika mai caji.

Talata, 8 ga Oktoba 2024

Sun haura arba'in, har da 'yan JSS 1 da suke maƙalewa a taga, kuma mata sun fi yawa.

Mun fara da gaisuwa kuma nan take amfanin Hausar ya fito. Maganar tu da vous da littafi yake cinye shafi guda yana bayani, tambayarsu kawai na yi, na ce in za ku gaida kakanku da safe me kuke cewa, ka tashi lafiya ko kun tashi lafiya? Suka haɗa baki suka ce kun tashi lafiya. Na ce to vous kenan, tu kuma na abokinka ne da ƙanwarka. Ba mu sake komawa kai ba, sun riƙe.

Haka ma le da la. Bahaushe ai ya san kowane abu ko namiji ne ko mace, ba sai an koya masa ba yake cewa rigar nan, wandon nan. Inda aka ɗan yi gardama shi ne da suka ga jinsin ba kullum yake dacewa da namu ba, rana a wajenmu mace ce amma le soleil namiji, wata namiji amma la lune mace, gida namiji amma la maison mace. Wata yarinya da ke zama a bencin gaba ta ce "Malam to su komai a juye suke yin sa?" Na ce a'a, duba kujera, la chaise, mace ce nan da can, littafi kuma le livre namiji ne nan da can. Dokar da muka kafa dai ita ce ba a rubuta suna shi kaɗai a littafi sai da le ko la ɗinsa a gaba, na sayo alli mai launi ina rubuta na maza da shuɗi na mata da ja.

Asabar, 19 ga Oktoba 2024

Makon nan a kan furuci muka tsaya kuma na ji daɗinsa sosai wallahi.

Harafin r na Faransanci da mutane suke jin tsoro, wanda daga maƙogwaro yake fitowa, ce musu na yi ku karanto min ƙarshen Fatiha, da suka zo gairil magdubi na ce ku tsaya nan, wannan gain ɗin ita za ku sassauta ku ce merci, ku ce rouge. Yaran da suka yi karatun allo sosai su suka fi kowa, har da wasu da a sauran darussa ba a jin muryarsu sam, yau su ne suke gyara wa 'yan gaban aji. Na daɗe ban ga fuskar yaran nan ta washe haka ba.

Wahalar tana wajen p da f. Mu f ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta shi ya sa take yawo tsakanin p da f, su kuwa haruffa biyu ne daban kuma suna canza ma'ana, pain burodi ne, faim yunwa ce. Wani yaro ya miƙe zai ce yana cin burodi sai ya ce yana cin yunwa, aji ya kwashe da dariya har da shi. Sai na aro wani tsohon madubin babur a wajen mai faci, aka riƙa miƙa shi benci-benci, kowa ya kalli bakinsa, in f ce haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, in p ce ka rufe leɓɓa ruf sannan ka sake su da ƙarfi. Da ido ya gani sai bakin ya bi. Haka muka yi wa v da b. Wasalin u na cikin tu kuwa na ce ka ce i ka riƙe ta sannan ka turo baki gaba ba tare da ka motsa harshe ba, wasu sun samu wasu har yanzu tout suke cewa. Wasulan hanci irin su bon da banc da bain na ajiye su tukuna, kada a yi musu yawa.

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Aji ya rage saura kamar rabi. Kaka ce, maza suna gona wajen wake da riɗi, mata suna gida suna ɓarar zoɓo ana biyansu, kuma ni ba zan ga laifin kowa ba, da wannan kuɗin ake sayen littafi da takalmi. Ga kuma wutar da aka ɗauke a Arewa ƙarshen watan jiya, layin mai caji ya yi tsawo sai da sifikata ta yi kwanaki a mace.

Dabarar da na yi, na naɗi muryata a waya gajeru-gajeru, in faɗi jimla da Hausa in faɗe ta da Faransanci sau biyu in yi shiru don mai ji ya maimaita. Na kai wa mai tura waƙoƙi a tasha na ce duk yaron da ya zo da memori ko wayar gidansu ya tura masa, ni zan biya. An ce min a wani gida 'yan mata suna kunna shi suna ɓarar zoɓo har uwar gidan ta iya comment ça va.

Talata, 26 ga Nuwamba 2024

Sun dawo, kuma yau ce ranar da ta fi kowace daɗi tun da muka fara.

Ƙirga muke yi. Daga ɗaya zuwa 69 lafiya lau, daga nan rigima ta tashi, domin 70 a Faransanci sittin da goma ake cewa, 80 kuma huɗu sau ashirin, 90 huɗu sau ashirin da goma, in za ka ce 97 sai ka ce quatre-vingt-dix-sept. Suka ce Malam wannan ai lissafi ne ba ƙirga ba. Na gaya musu a Beljiyam da Suwizalan akwai septante da nonante masu sauƙi amma maƙwabtanmu irin na Faransa suke yi, don haka shi za mu koya.

Sai wani yaro da babansa dillalin tumaki ne a kasuwar Maigatari, wanda duk Alhamis ba ya zuwa makaranta yana can yana riƙe igiya, ya ɗaga hannu ya ce ai mutanen Nijar ma haka suke yi da kuɗi. Na ce zo allo. Ya zo ya yi wa aji bayanin da ni kaina ba zan yi shi da kyau haka ba, ya ce dala ɗaya sefa biyar ce, in mutumin Nijar ya ce maka dala ashirin to sefa 100 yake nufi, dala ɗari sefa 500, jaka kuma sefa 1000 wato dala ɗari biyu, duk abin da ya faɗa da Hausa sai ka ninka sau biyar kafin ka samu abin da aka rubuta a jikin kuɗin. Ya ce wanda bai san wannan ba a nan ake cutarsa ko shi ya cuci kansa. Na ce wa aji to ga ɗan'uwanku yana ninka biyar a ka ana tsakiyar hayaniyar kara, ku kuma huɗu sau ashirin ce za ta gagare ku? Daga nan ba wanda ya sake ƙorafi.

Ya fito da takardar jaka ɗaya daga aljihu, muka bi ta hannu-hannu suna karanta abin da ke jiki, mille francs CFA, da sunan bankin, Banque Centrale des États de l'Afrique de l'Ouest. Wannan ne Faransancin gaske na farko da suka karanta wanda ba ni na rubuta a allo ba. Na gaya musu ƙasashe takwas ne suke kashe wannan takardar, Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kodebuwa da Gini Bisau, sefar Chadi da Kamaru kuma daban ce duk da darajarsu ɗaya.

Sannan muka kafa kasuwa a cikin aji, gwangwanayen madara da kwalin ashana da sabulu a kan benci, kuɗi kuma na takarda da suka zana. C'est combien, c'est trop cher, dernier prix. Wata yarinya mai tallan awara da yamma ta zauna a matsayin mai kaya, wani ya taya mata sabulu ta kalle shi sama da ƙasa ta ce non, ta kawar da kai, sai da ya ƙara sannan ta ce donne l'argent tana miƙo hannu. Ban koya mata kawar da kai ba, wannan nata ne, kalmomin kawai na ba ta. Har lokaci ya wuce ba su so a tashi ba.

Asabar, 14 ga Disamba 2024

Na yi musu gwajin ƙarshen zango, na baka da na rubutu. Na baka ya yi kyau, mafi yawansu sun gaisa sun faɗi sunansu da garinsu sun ƙirga. Na rubutu kuwa sai a hankali. Beaucoup sun rubuta boku, oiseau sun rubuta wazo. Ni a wajena wannan yana nuna kunnensu ya ji daidai, kuma sun saba da Hausa wadda yadda ka faɗa haka kake rubutawa, amma mai makin jarrabawa ba zai duba wannan ba, jan biro zai sa. Zango mai zuwa dole mu zauna a kan rubutu, sautin o kaɗai ana rubuta shi o ko au ko eau, ga haruffan ƙarshen kalma da ba a furtawa.

Firinsifal ya shigo ya zauna a baya yana kallo. Da aka tashi ya ce "Malam aikin ya yi kyau, amma fa ka tuna ranar jarrabawa ba wanda zai yi musu bayani da Hausa." Na ce ranka ya daɗe gaskiya ne, amma sai sun fahimci abin tukuna sannan za su gane tambayar ko da wane yare aka yi ta. Mun tsaya a kan daga yanzu umarnin da ke kan takardar gwaji da Faransanci zan riƙa rubuta shi, complétez, répondez, choisissez, su saba da ganinsa.

Talata, 21 ga Janairu 2025

Mun dawo cikin sanyi da hazo, ana ta tari. Hutu ya cinye être da avoir, aikatau biyu da muka koya a zangon da ya wuce, gaba ɗaya, gaisuwa da ƙirga da ciniki kuwa suna nan daram, abin da suka yi da bakinsu ya zauna, wanda suka kwafa daga allo ya tafi. Mun koma baya.

Labari mai daɗi, an haɗa ni da wani dattijo tsohon malamin firamare daga wajen Dungas da ya yi ritaya, 'yarsa tana aure a nan garin yana zuwa akai-akai tun da aka buɗe boda a watan Maris na bara. Kowa Mushe yake ce masa, wato Monsieur, yadda ake kiran malamin makaranta a Nijar. Na je na gaishe shi na roƙe shi ya zo ajinmu ya ce in sha Allahu.

Asabar, 8 ga Fabrairu 2025

Baba Mushe ya zo. Ya shigo da farar babbar riga da tabarau, ya tsaya ya ce bonjour les enfants, suka miƙe suka amsa bonjour Monsieur da ƙarfi har ya yi murmushi. Sai ya ci gaba da magana da saurinsa na yau da kullum, aji ya yi tsit, ido ya raina fata. Ya lura, ya sassauta, ya riƙa nuna abu da hannu, ya ɗaga alli ya ce qu'est-ce que c'est, can daga baya wata ta ce la craie a hankali, ya ce très bien ma fille, daga nan hannuwa suka fara tashi.

Ya ba su labarin lakwal, wato makarantar boko, a Nijar, shekara shida a firamare daga CI zuwa CM2, sannan kwaleji inda ake fara ƙirga aji daga sixième ana saukowa zuwa troisième a yi jarrabawar BEPC, sai lise, wato babbar sakandare, a ƙare da jarrabawar bak. Yaran sun yi mamakin ajin da ake ƙirgawa da baya. Ya kuma ba su labarin abin da ake kira symbole a zamaninsu yana ɗalibi, wani abu da ake rataya wa duk yaron da aka kama yana Hausa a makaranta, shi kuma ya yi ta farautar wani da zai yi subutar baki ya miƙa masa, wanda abin ya kwana a hannunsa shi zai sha hukunci. Ya ce sun iya Faransanci amma da tsoro suka iya shi, kuma da yawa sun gudu daga lakwal saboda haka.

Duk da haka da muka keɓe bai bar ni ba. Ya ce "Ɗana, na ga kana fassara musu komai. In ka ci gaba haka kullum sai sun jira Hausarka kafin su gane, ranar da ba ka nan fa?" Na ce Baba ai gudun abin da kuka ba da labari nake yi. Ya ce tsakanin bulala da fassara akwai hanya, ka bar su su ɗan wahala su gano da kansu.

Na yi tunani a kan maganar nan sosai kuma na ga yana da gaskiya a rabi. Bayanin nahawu ba zan daina yin sa da Hausa ba, na ga abin da ya haifar da idona. Amma daga yanzu kashin ƙarshe na kowane darasi babu Hausa babu Turanci, ko ni ko su, sai nuni da zane da maimaitawa, kuma babu hukunci ga wanda ya yi subutar baki, a sake kawai. Ya yi musu dikte, wato shifta, na layi uku kafin ya tafi, ya nuna min yadda ake yi, a karanta duka su saurara, a karanta guntu-guntu su rubuta, a sake karantawa su duba, sannan kowa ya gyara nasa daga allo da kansa. Zan riƙa yin sa duk Asabar.

Ya ce akwai ɗan ƙaninsa da ke koyarwa a wata kwaleji a can, in muna so yaranmu su rubuta wa nasa ɗaliban wasiƙa. Ai kafin ya rufe baki na ce muna so.

Talata, 25 ga Fabrairu 2025

Wasiƙu sun tafi. Kowa layi biyar zuwa shida, je m'appelle, j'habite, mon père est cultivateur, j'aime, da tambaya ɗaya a ƙarshe. Wajen faɗin shekaru ma Hausar ta taimaka, da Faransanci ma ina da shekara goma sha uku ake cewa kamar mu, j'ai treize ans, ba wanda ya yi kuskure a nan.

Na bi gida-gida na sanar da iyaye tukuna, mata za su rubuta wa mata maza wa maza, babu lambar waya, ni da firinsifal mun karanta kowace kafin a rufe. Gidaje biyu sun ce a'a kuma ban matsa ba, yaran sun rubuta tasu na duba musu na ba su maki kamar kowa. Baba Mushe zai ba wani direba ranar Alhamis. Mun dakata sai bayan azumi.

Asabar, 12 ga Afrilu 2025

Ba aji yau amma dole in rubuta wannan. Labari ya karaɗe rediyo cewa Nijar ta mayar da Hausa harshen ƙasa, a sabon kundin da gwamnatin Janar Tiani ta fitar a ƙarshen Maris, bayan a watan ma sun sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. A majalisa bayan la'asar mahaifin ɗaya daga cikin yarana ya ce min "Malam, to ga masu abin sun yar, kai kuma kana tsinta kana ba 'ya'yanmu."

Na ce Alhaji ni na fi kowa murna, Hausa ta samu matsayin da ta cancanta, kuma ni da ita nake koyarwa tun farko. Amma kundin nan da kansa ya ce Faransanci da Turanci su ne harsunan aiki. Takardar duwan, wato kwastan, da ta jandarma, takardar asibiti in ka kai mara lafiya Damagaram, takardar shaidar karatu, rubutun jikin magani da na jikin sefar da ke aljihunka, duk ba za su canza a dare ɗaya ba. Kuma Nijar ba ita kaɗai ba ce, yaronka in Allah ya ɗaga shi ya kai kaya Kwatano ko Lome ko Njamena ko Abijan, Hausa za ta kai shi zongo ta ba shi masauki amma a ofis da tashar jirgin ruwa sai ya nemi tafinta, tafinta kuma da kuɗi ne kuma ba ka san abin da ya faɗa a madadinka ba. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa ta Kazaure da Daura, waɗanda za a ɗauka aiki a kai ai masu yare biyu uku za a fi nema. Ni ba don Faransa nake koyar da shi ba, don maƙwabta nake yi.

Ya yi shiru ya ce to Allah ya sa albarka. Ban san ko ya gamsu ba amma bai cire yaron ba.

Talata, 13 ga Mayu 2025

Amsa ta zo! Direban ya kawo ambulan babba ranar Alhamis, na riƙe ban buɗe ba sai yau a gabansu. Ba kowa ya samu ba, waɗanda ba su samu ba na haɗa su da masu ita su karanta tare kuma na aika a tambaya.

Rubutun yaran can ya ba su wahala da farko domin haɗaɗɗen rubutu suke yi mai lanƙwasa irin wanda ake koya musu tun CI, sai da na kwafe ɗaya a allo da irin namu. Da suka gane sai ga shi suna karantawa da kansu, mai awara ta samu wadda ta ce ita ma tana taya mamarta sayar da ƙosai, ta karanta layin sau uku tana dariya. Wasu sun saka layi ɗaya na Hausa a ƙasa suna gaida mu, wasu kuma sun roƙi a mayar musu da rabi da Turanci domin su ma suna koyonsa a kwaleji kuma ba su da wanda za su gwada da shi. Na kai wa malamin Turancinmu maganar ya ce yana ciki, don haka wasiƙa ta gaba rabi da rabi za a yi.

A cikin wasiƙun akwai j'ai mangé da je suis allé wanda ba mu kai ba, yaran da kansu suka tambaya mene ne wannan, don haka passé composé, wato yadda ake faɗin abin da ya wuce, za mu shiga Asabar ko da ban shirya shi sai JSS 3 ba. Dikte yana tafiya, boku ta ragu sosai, amma é da è har yanzu a gauraye suke.

Abin da ya rage kafin damina ta kwashe min su, na rubuta takarda ta hannun firinsifal ana roƙon a turo mana malamin Faransanci na dindindin, domin kwana biyu a mako ba zai ishi wanda zai zauna BECE ba balle wanda yake son ya ɗauke shi har WAEC inda akwai jarrabawar baka. Sannan in na shiga Kano ƙarshen wata zan leƙa cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française in tambayi yadda ake zama jarrabawar shaidar iya Faransanci ta DELF A1 ta 'yan makaranta da kuɗinta, ita maki 50 cikin 100 ake nema kuma takardar ba ta tsufa, akwai yara huɗu da nake ganin nan da baɗi za su iya in an samu mai ɗaukar nauyi. Duk mai tsofaffin littattafan Faransanci na firamaren Nijar da ba ya amfani da su, ko sun yage muna so.